Shinkafa Mai Danƙo da Mangwaro: Abin Zaƙin Mutanen Tailan



A kasuwanninmu, da zarar an ambaci ƙasar Tailan, buhun shinkafa ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Shekara da shekaru muna cin 'yar waje, doguwar nan mai wara-wara, kuma kaso mai tsoka nata daga can yake fitowa. To yau ma zancen shinkafar Tailan ne, sai dai wata iri ce daban da ba kasafai take zuwa mana ba. Ita wannan danƙo gare ta. Ana turara ta, a shayar da ita madarar kwakwa, a ci da nunannen mangwaro. Mutanen ƙasar suna kiran abincin khao niao mamuang, kuma cikin duk kayan zaƙinsu babu wanda ya kai shi suna a duniya.

A faranti abin ba shi da wani tarkace. Ga ɗan curin shinkafa fara tas tana sheƙi, mai ɗumi-ɗumi. A gefenta ga ɓarin mangwaro an fere, an yanka shi a gicciye. An kwarara wata madarar kwakwa mai kauri a kan shinkafar, an barbaɗa soyayyen ƙaramin wake mai ƙaras-ƙaras. Shi ke nan. A titunan Bankok, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa kuma mangwaro ya cika gari, za ka tarar da mai sayarwa ta jera mangwaro rawaya dala-dala a kan teburi. Tana riƙe da guda a tafin hannu, ta zare ɓawon da siririyar wuƙa, ta yanke ɓari ɗaya daga jikin ƙwallon, ta daddatsa shi tun yana hannunta, ta zame shi a kan shinkafa ba tare da yankan ya watse ba. Bikin sabuwar shekararsu, Songkran, wanda ake yi daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, a tsakiyar wannan kaka yake faɗowa. Akwai wani shago a tsohon garin Bankok, Kor Panich, da ke wannan sana'a tun 1932. A watan Afrilun 2022 kuma wata matashiyar mawaƙiyar ƙasar mai suna Milli ta ci wannan abinci a kan dandamali a bikin waƙa na Coachella da ke Kalifoniya ta Amurka. Kafin a ce kwabo, masu sayar da shi a Tailan sun rasa inda za su sa kansu don ciniki.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda abincin ya samu karɓuwa wajen mutanen da suka ƙaurace wa duk wani abu da ya fito daga jikin dabba, waɗanda ba su cin nama da kifi, ba su shan nono, ba su taɓa ƙwai ko zuma. Irin waɗannan mutane sun saba da wahala wajen kayan zaƙi, domin kek da ire-irensa sai da ƙwai da man shanu, dole kullum su nemo madadi. Saboda wannan sabo, wasunsu ko da suka zo kan abincin Tailan ɗin nan sai suka shiga yi masa kwaskwarima, wannan ya sauya shinkafar, wancan ya rage kitsen madarar, wani ya cire gishirin. Ni a ganina wannan ɓarna ce. Abincin nan tun fil azal daga tsiro yake, daga farkonsa har ƙarshensa. Babu abin da za a cire, babu abin da za a musanya. Abin da yake nema shi ne a yi shi yadda masu shi suke yi.

Dalilin kuwa yana cikin tarihin girkin ƙasar. Mutanen Tailan ba masu tatsar shanu ba ne a al'adance, nono da man shanu ba su da wani gurbi a tsohon girkinsu. Kwakwa ce ta tsaya musu a wannan matsayi. Tsofaffin kayan zaƙinsu a kan abu uku suka ginu: shinkafa, kwakwa da sukari. Kayan zaƙin ƙwai da suke alfahari da su yanzu, irin su foi thong, daga baya suka shigo, kuma ana danganta su da wata mata mai suna Maria Guyomar de Pinha, mai jinin Fotugal da Japan, wadda ta rayu a birnin Ayutthaya tun zamanin Sarki Narai a ƙarni na 17. Shinkafa mai danƙo da mangwaro tana cikin wancan tsohon gidan da babu ƙwai a cikinsa. Amma a kula, akwai 'yar uwarta da ake ɗora wa sangkhaya a maimakon mangwaro, kuma shi sangkhaya da ƙwai ake yin sa. Mai gudun ƙwai sai ya duba kafin ya saya.

Bari mu tsaya a kan shinkafar, domin nan ne mafi yawan masu gwadawa ke tuntuɓe. Sitacin da ke cikin ƙwayar shinkafa iri biyu ne, masana suna kiran ɗaya amilos, ɗayan kuma amilofektin. Shinkafar da muka saba da ita tana da amilos da dama, shi ne ke sa ta dahu wara-wara. Ita kuwa mai danƙo kusan babu amilos a cikinta sam, amilofektin ne zalla, shi ya sa idan ta dahu ƙwayoyin ke manne wa juna, su yi taushi mai ɗan tauri da haƙori ke jin daɗin taunawa. Halittarta ce haka. Ba yawan ruwa ba ne, ba kuma daɗewa a wuta ba ne. Ko kwana za ka yi kana dafa 'yar buhun nan, sai dai ta caɓe, ba za ta yi danƙo ba, balle ma da yake an riga an turara ta tun tana cikin ƙaiƙayinta kafin a casa. Ido ma yana iya bambance su. Ka zuba ɗanyar mai danƙo a tafin hannu, za ka ga fara ce fat kamar alli, haske ba ya ratsa ta. Sai ta dahu take komawa garai-garai tana ƙyalli. Shinkafar yau da kullum kuwa akasin haka take yi.

A arewacin Tailan da yankin arewa maso gabas da ake kira Isan, haka ma a maƙwabciyarsu Laos, wannan shinkafa ita ce abincin kullum. Da hannu ake cin ta, a mulmula a dangwali miya ko a haɗa da gasasshen nama. Masu sana'ar abin zaƙin sun fi son wani iri mai dogayen ƙwayoyi da ake kira Khiao Ngu, wanda aka san lardin Chiang Rai da nomansa, saboda yana riƙe siffarsa bayan ya sha madara. A nan gida, sai dai a neme ta a manyan shagunan da ke sayar da kayan abincin Asiya a birane irin Legas da Abuja. Wanda bai samu ba, ya ce zai gwada da ɗanyar shinkafarmu ta tuwo, ban hana shi ba, zai samu abu mai daɗi. Amma ya sani wani abinci ne daban ya yi, kada ya ce ya ɗanɗani na Tailan.

Idan an samu shinkafar, aikin tun daren jiya yake farawa. A wanke ta sosai, a yi ta sauya ruwa har sai ya fita garau, domin garin da ke jikinta shi ke sa ta cakuɗe. Tsofaffin masu sana'ar har da alif suke cuɗa ta, irin wanda ake kwantar da laka da shi a ruwan sha, don ta ƙara haske, sannan su ɗauraye. Wannan ba dole ba ne. Abin da yake dole shi ne jiƙo: aƙalla awa 4, in da hali ta kwana a ruwa. A wannan jiƙon ne ƙwayar ke shan duk ruwan da za ta dahu da shi, domin ba za ta sake shiga ruwa ba. Tururi ne zai ƙarasa aikin.

Su can suna da wani kwandon gora mai tsini da suke ɗorawa a bakin tukunya mai ƙaramin wuya. Mu ba mu buƙatar sayo shi, domin duk gidan da ake dambu akwai madambaci, kuma aikinsu ɗaya. A shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a ciki, a tsane shinkafar a zuba, a naɗe bakin ƙyallen, a rufe. Ruwan ƙasa ya riga ya tafasa, kuma kada ya taɓo shinkafar. Minti 20 zuwa 30 ya isa, a juya ta sau ɗaya a tsakiya don na sama ya koma ƙasa. A ɗebi ƙwaya a murza: in babu gari-gari a tsakiyarta, ta yi.

Kafin nan an haɗa madarar. A nan ma akwai abin faɗa. Ruwan da ke cikin kwakwa, wanda ake sha idan an fasa ta, ba shi ne madara ba. Madara daga farin naman busasshiyar kwakwa take fitowa. A goge shi ko a niƙa a bilenda da ɗan ruwan ɗumi kaɗan, a zuba a ƙyalle a matse. Matsar farko ita ce mai kauri, mai maiƙo, ita ake so. In aka ƙara ruwa aka sake matsewa, ta biyun tsararo ce, a ajiye ta don miya ko wata shinkafar. Matan da ke haɗa kunun aya da kwakwa da dabino sun riga sun san wannan aiki, ba sai an koya musu ba. Ta gwangwani ma tana yi, muddin mai cikakken maiƙo ce. Wadda aka rubuta an rage mata kitse, ruwa aka ƙara mata, kuma shinkafar da ta sha ta ba ta sheƙi, ba ta ƙamshi.

Ga awo. In shinkafa ɗanya kofi 2 ce, madarar kwakwa kofi 1 da kusan rabi, sukari daga rabin kofi zuwa kofi guda gwargwadon bakin mai ci, gishiri ƙaramin cokali 1. Masu sayarwa a Tailan hannunsu na da nauyi wajen sukari, ni kuwa na fi son a tsaya kusa da rabin kofi in mangwaron ya nuna sosai. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har sukarin ya narke. Kada a bari ta yi ta tafarfasa, domin man zai rabu da ruwan ya taso sama. In akwai ganyen pandan, wani dogon ganye mai ƙamshi da suke jefawa a kayan zaƙinsu, a ƙulla shi a saka. In babu, ba a fasa ba.

Yanzu ga inda sabon shiga ke tsorata. Shinkafa na sauka daga madambaci, tana tururi, a juye ta a kwano, a kwarara madarar nan da zafinta, a juya a hankali sau biyu ko uku. Abin da za ka gani a kwanon zai ba ka tsoro: shinkafa tana iyo cikin farin ruwa, ka ce an lalata aiki. A nan ne wasu ke tsiyaye madarar, wasu su mayar da kwanon kan wuta. Kada a yi ko ɗaya. A rufe ruf, a tafi a bar shi. Bayan minti 20 a buɗe, a juyo na ƙasa zuwa sama, a sake rufewa na wani minti 20 ɗin. Idan aka ɗaga murfi a karo na biyu, ruwan nan duk ya ɓace. Kowace ƙwaya ta kumbura, ta yi sumul, tana ƙyalli, tana manne da 'yar uwarta amma kana iya ganin ta ita kaɗai. Sharaɗin dai shi ne su haɗu da zafinsu. Shinkafar da ta huce ba ta shan madara, sai dai madarar ta kwanta a jikinta.

Sai maganar gishiri, wadda nake so a riƙe da kyau. Mutum zai ce me ya haɗa gishiri da kayan zaƙi, har ƙaramin cokali guda? To ai shi ne ginshiƙin abin. Shinkafa da zaƙi, mangwaro da zaƙi, kwakwa da maiƙo. In aka bar su haka, loma uku za ka yi ya gundure ka. Gishirin ne ke yanke zaƙin, ya fito da ɗanɗanon kwakwar, ya sa baki ya nemi ƙari. Shi ya sa madarar da ake kwararawa a sama ma daban ake haɗa ta, kuma gishirinta ya fi sukarinta fitowa: rabin kofi na madara mai kauri, gishiri kwatan ƙaramin cokali, da ƙaramin cokali 1 na garin shinkafa da aka dama da ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ta ɗan yi kauri. In ka ɗanɗana ta ita kaɗai za ka ce gishiri ya yi yawa. Sai ta hau kan shinkafa da mangwaro za ka gane hikimar. Duk wanda ya cire gishirin don yana ganin gyara ne, ya cire abin da ya bambanta girkin mutanen nan da na kowa.

Waken da ake barbaɗawa wani ƙaramin wake ne kore, wanda idan an cire masa ɓawo yake komawa rawaya. Ana jiƙa shi, a tsane, a soya a kasko har ya yi ƙaras. In bai samu ba, soyayyen riɗi na tsayawa a madadinsa, su ma can suna amfani da shi.

Mangwaro kuwa, a nan Allah ya hutar da mu. Kakarsa a Tailan da kakarsa a ƙasar Hausa kusan lokaci ɗaya ne, tsakiyar bazara, sa'ad da kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ke cika da shi har ana rasa masaya. Su can iri biyu suka fi so: Nam Dok Mai, dogo mai tsinin baki, mai laushin nama, da kuma Ok Rong, ƙarami mai tsananin ƙamshi da zaƙi, wanda dattawansu ke cewa shi ne na asali a wannan abinci. Mu abin da za mu nema shi ne mangwaron aure mara zare, wanda ya nuna da kansa, wanda in ka kai hanci wajen gindinsa ƙamshi zai buge ka. Mai zare na tsotso ne, ba ya yankuwa. Wanda aka tilasta wa nuna da sinadari kuwa, bayansa rawaya cikinsa tsami, ba zai yi ba. Kuma in ba lokacin mangwaro ba ne, a haƙura. Su kansu mutanen Tailan, ko da yake yanzu ana samunsa duk shekara, sun san na watan Afrilu daban yake.

Akwai abu biyu da mai ƙaurace wa kayan dabba da gaske zai so ya sani, kuma ba a jikin girkin suke ba, a jikin kayan haɗin suke. Na farko sukari. Wasu matatun, musamman a Amurka, suna tace farin sukarin rake da gawayin ƙashin shanu don ya yi fari. Ƙashin ba ya shiga cikin sukarin, amma masu tsanantawa suna gudun sa. Mafita gare su ita ce sukarin da ba a tace ba. Tailan tana da nata, wanda ake dafawa daga ruwan furen kwakwa ko na wata bishiya 'yar uwar giginyarmu, kuma lardin Phetchaburi ya yi suna a kansa. Mazarƙwailarmu ma za ta yi. Sai dai shinkafar za ta sauya launi ta yi ja-ja, wanda shi ne dalilin da ya sa masu sana'ar suka fi son farin sukari.

Na biyu ya fi nauyi. A kudancin Tailan akwai tsohuwar al'adar horar da birai su hau dogayen bishiyoyin kwakwa su tsinko. A 2020 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da rahoton da ya zargi wasu gonaki da ɗaure biran da sarƙa da wahalar da su, har wasu manyan kantunan Birtaniya suka janye wasu samfuran madarar kwakwa daga kantocinsu. Hukumomin Tailan sun musanta cewa da birai ake girbe kwakwar da masana'antu ke sarrafawa don fitarwa waje. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, tambayar tana da muhimmanci, kuma ba ga masu gudun nama kaɗai ba. Addininmu ma ya hana azabtar da dabba. Mu a nan hanyar kauce wa shakkun a buɗe take, tunda kwakwar Badagry da ta sauran gaɓar tekun Afirka ta Yamma tana zuwa kasuwanninmu, kuma madarar da ka matse da hannunka ta fi ta gwangwani ƙamshi nesa ba kusa ba.

Wajen ci, shinkafar da ɗuminta ko ta huce daidai, mangwaron kuma in an so a ɗan sanyaya shi. Kada a saka shinkafar a firji da niyyar gobe, domin sanyi na sa ta yi tauri. In dole ta kwana, sai a sake turara ta kafin a ci. Haka kuma kada a bar ta a waje tun safe har dare a zafin bazararmu, madarar kwakwa ba ta da haƙuri, nan da nan take tsami. A yi daidai wanda za a cinye a ranar. Masu ciwon sukari kuma su yi hattara ƙwarai. Shinkafa mai danƙo tana saurin narkewa ta haura da sukarin jini fiye da shinkafar da aka saba, ga sukari a cikinta, ga mangwaro a gefe. Ko mai lafiya ma, curin da bai wuce cikin tafin hannu ba da ɓarin mangwaro ɗaya ya ishe shi, haka ake zuba shi a can.